Yadda Yaran Amurka Suka Yar Da Wandon Nika

Mai tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, wadda ke kan keken ɗinki kada ta ɗaga ƙafa, mai ɗinkin hula ma haka. Aron kunnuwanku kawai nake nema.

Abin da ya jawo hirarmu ta yau wata wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana. Ta ce ɗanta na fari yana aji 6 na firamare, shekararsa 12, amma Allah ya yi shi dogo. Makarantarsu gajeren wando ake sawa. To 'yan kwanakin nan kullum da safe sai an yi daru kafin ya sa shi, har ta gano yana ɓoye dogon wando a jakar littattafansa, da an tashi sai ya ɗora shi a kai kafin ya biyo hanya. Ta ce, "Anti, shin wannan rashin kunya ce ta fara, ko me?" Da na karanta sai da na yi murmushi, domin an taɓa yin irin wannan rigima tsakanin iyaye da 'ya'ya maza a ƙasa guda sukutum, wato Amurka, aka yi shekaru ana ja, kuma a ƙarshe yaran ne suka yi nasara. Bari in ba ku labarin, sannan mu komo kan wasiƙar.

Da farko, mene ne ma wandon nika? Nan Najeriya in kin ji tela ko mai gwanjo ya ce nika, gajeren wando yake nufi, irin na 'yan makaranta. Amma ainihin mai sunan ba haka yake ba. Ki ƙaddara buje ne mai yalwa, sai aka datse shi kaɗan a ƙasan gwiwa, aka tattare bakin ƙafar, aka ɗaure da 'yar maɗauri mai maɓalli ko ƙarfe. Sai ya yi kumburi a gwiwa kamar bakin buhu da aka ɗaure. Daga nan zuwa ƙasa kuma doguwar safa ce, galibi baƙa, sai takalmi sau-ciki. A sama akwai kwat ta yadi ɗaya da wandon, da taguwa a ciki, da wata hula mai faɗi mai ɗan baki a gaba, 'yar'uwar hana-sallah. Wannan shiga gaba ɗaya ita ce kayan yaro ɗan makaranta a Amurka daga wajen 1910 har zuwa ƙarshen shekarun 1930. Ɗan attajiri da ɗan talaka mai tallar jarida a bakin titi duk ita ce, bambancin kawai a tsadar yadi da yawan faci.

Sunan ma da labarinsa. A 1809 wani marubuci ɗan Amurka mai suna Washington Irving ya rubuta littafin barkwanci kan tarihin birnin Niyok, ya ɓoye sunansa, ya ce wai wani tsoho ne ɗan asalin ƙasar Holan mai suna Knickerbocker ya rubuta. Ku san mutanen Holan ne suka kafa birnin kafin Ingilishi su karɓe shi. Da aka sake buga littafin daga baya da zane-zane, sai aka zana tsofaffin nan na Holan da wanduna masu kumburi iya gwiwa. Shi ke nan sunan tsohon da babu shi ya bi wandon. Baki ya yi ta gutsure sunan har ya gajarce, ya bi Turawan mulkin mallaka ya iso wajenmu ya zama nika. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Niyok da aka kafa a 1946, wadda ake kira Knicks, ita ma daga can ta samo sunanta.

To me ya sa sai yara? Nan ne abin mamakin yake. A ƙasar Turai, shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce, wando iya gwiwa shi ne na sarakuna da masu hali, dogon wando kuwa na leburori ne da ma'aikatan jirgin ruwa. Lokacin juyin juya halin Faransa na 1789, da dogon wandon ake gane talakawan da suka yi bore. Kafin a yi shekara 40 sai abin ya kife, manyan mutane suka koma dogon wando. Can gaba a ƙarnin sai aka mayar da guntun ya zama na yara. Abin da ya kasance alamar sarauta ya dawo alamar ƙuruciya.

Kuma ba wasa ba, mataki-mataki ake bi. Yaro namiji tun yana goye har ya kai shekara 4 ko 5, wani ma ya fi haka, doguwar riga ake sa masa irin ta 'yan mata, saboda sauƙin wanki da sauƙin tsarki. Akwai wani hoto sananne na Franklin Roosevelt, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, an ɗauke shi a 1884 yana ɗan shekara 2 da wani abu, da farar riga har gwiwa da gashi har kafaɗa, in ba a faɗa miki ba kya rantse mace ce. Daga wannan riga sai a ba yaro wandonsa na farko, guntu. In ya shiga makaranta ya yi ƙwari, sai nika. Zai yi ta sa shi har ya kai 13, 14, wani gidan ma sai 16. Sannan wata rana uba ya dube shi ya ce ya isa, a kai shi kanti a saya masa dogon wando na farko. Ranar nan babbar rana ce a rayuwar yaro, dattawa da yawa na can sun riƙa ba da labarinta har tsufansu. Daga ranar an daina yi masa kallon yaro. Zai iya neman aiki, zai iya zama cikin maza a yi magana da shi.

Kun ga ke nan wandon ba sutura ce kawai ba. Shaida ce da kowa ke karantawa daga nesa, kuma ikon canja ta yana hannun iyaye. Yaro ba shi da ta cewa. Wanda ya yi saurin tsawo, irin ɗan 'yar'uwarmu mai wasiƙa, shi ya fi shan wahala, ga ƙwauri zaƙwal a waje, ga murya ta fara buɗewa, ga abokai sun riga shi samun dogo suna yi masa tsiya.

Kafin in wuce, akwai wata ƙawa da iyaye mata suka taɓa ɗora wa yaran nan, wadda ba zan iya tsallakewa ba. A 1886 wata marubuciya, Frances Hodgson Burnett, ta fitar da littafin labarin wani yaro kyakkyawa mai ladabi, ana kiran littafin Little Lord Fauntleroy. A zanen littafin yaron yana sanye da kwat da guntun wando na karammiski, da faffaɗan wuyan leshi, ga gashi an nannaɗe. Tabɗi! Sai iyaye mata suka ɗauka, kowace tana so nata ya fito haka. Yaran kuwa sun tsani kayan nan kamar me, don da an fita waje sai tsokana. Mu dai mata, a ko'ina muke, in muka ga abu ya yi wa ɗan wata kyau, sai mun gwada a namu, ba ma tambayar shi mai sawar.

Yanzu mu zo ga uwa, don ita ce ke ɗauke da nauyin nika. Gaskiya wandon yana da amfaninsa a wajenta. Yaro yana tsawo, amma tunda a gwiwa ake ɗaurewa kuma akwai yalwa, zai yi shekara biyu ko uku bai ɗage ba, daga nan ya gangara ga ƙane. Bakinsa ba ya jan ƙasa, ba ya kwasar taɓo, ba ya shiga sarƙar keke. Amma safa fa? Doguwar safar nan har saman gwiwa take kaiwa, sai an riƙe ta da wata igiya mai roba daga ƙugu. Yaro kuwa kin san shi da durƙuso, da hawan katanga, da faɗuwa. Kullum gwiwa a huje, diddige a huje. Da dare in kowa ya kwanta, uwa ce za ta zauna gaban fitila da allura da zare tana toshe huji ɗaya bayan ɗaya, in tana da maza huɗu ko biyar sai ki lissafa. Maɗaurin gwiwar shi ma ba ya zama, ko maɓalli ya tsinke ko ƙarfen ya ɓalle, sai ki ga yaro ya dawo ƙafa ɗaya a ɗaure, ɗaya ta zazzago har ƙwauri. Wasu yaran ma da gangan suke kwancewa da sun bar ƙofar gida, wai don ya yi kama da dogo. Ashe dabarar ɓoye wando a jaka ba yau aka fara irinta ba.

Wandon makaranta galibi da wani yadi mai kauri ake yinsa, mai layi-layi kamar kunyoyin gona, saboda ƙarko. In yaro yana tafiya cinyoyin suna gogar juna, sai ya riƙa wani sauti, shuu, shuu. Waɗanda suka yi zamanin sun ce ba ka iya satar shiga aji in ka makara, wandonka ne zai tona maka asiri.

Abin dariya, daf da zai mutu ne wandon ya fi tashe. A shekarun 1920 manyan maza masu kuɗi suka ɗauke shi don wasan golf, suka ƙara masa yalwa, ya zarce gwiwa da inci 4. Yarima mai jiran gadon Ingila na lokacin, wanda ya zama Sarki Edward na 8, yana cikin waɗanda suka yayata shi, kuma ya ziyarci Amurka a 1924 samari suna ta kwaikwayon shigarsa. Na yara ma sai aka ƙara musu kumburi, aka sauya baƙar doguwar safa da mai zane-zane iya gwiwa. A shekarun 1930 kuma aka fara yi wa bakin ƙafar saƙa mai roba a maimakon ƙarfe, don a rage wa uwa aiki. Duk da haka tsutsa ta riga ta shiga goro.

Ta ina ta shiga? Ta kantuna. A lokacin akwai manyan kamfanoni irin su Sears da Montgomery Ward da ke aika wa gidaje ƙaton littafi mai hotunan kaya da farashi. Mace tana zaune a gidanta a ƙauye za ta zaɓa, ta aika kuɗi ta gidan waya, a kawo mata. Kusan irin yadda dillaliya ke shigo mana da kaya har tsakar gida, sai dai wannan a takarda take. To daga ƙarshen shekarun 1920 sai kamfanonin suka fara sayar da kwat ɗin yara da wando biyu, nika ɗaya, dogo ɗaya. Wai a raba gardama: nika na makaranta, dogo na ranar coci da biki. Amma ke ma kin sani, in kin ajiye wa yaro abin da yake so da wanda ba ya so a akwati ɗaya, kin san wanda zai fara tsufa. Kuma littafin nan ba uwa kaɗai ke dubawa ba, yaron ma yana gani, ya ga an zana sa'ansa da dogon wando, ya zo ya tasa uwa a gaba. Mai 14 ya samu, sai mai 12 ya ce shi fa? Mai 12 ya samu, mai 10 ya fara kuka. Haka shekarun suka yi ta sauka. Da zarar rabin aji sun koma dogo, wanda aka bari da nika ya zama abin nuni, kuma ba uwar da ke son a mayar da ɗanta abin dariya.

Sannan rayuwar yaran kanta ta sauya. A da, yaro ya gama firamare ya tafi masaƙa ko ma'adinai ko gona, dogon wando da aikin farko kusan tare suke zuwa. A 1938 aka yi dokar da ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 16 aiki a masana'antu, kuma wanda ya sa mata hannu shi ne Roosevelt ɗin nan mai farar riga. Zuwa 1940 fiye da rabin matasan ƙasar masu shekara 14 zuwa 17 suna sakandare. Sai aka samu wani sabon rukuni, su ba yara ba, su ba magidanta ba, suna wuni tare, suna kallon juna, suna zuwa silima tare. Abin da aboki zai ce ya fara fin abin da baba zai ce nauyi a kan maganar sutura. A silima kuwa jaruman da suke so kaboyi ne masu dawaki, kuma ba wanda ya taɓa ganin kaboyi da kumburarren wando iya gwiwa.

Matsin tattalin arzikin da ya faro a 1929 shi ma ya taimaka. Gidan da uba ya rasa aiki ba ya sayen kwat da wando da safa na musamman. Abin da ya samu shi yaro zai sa, ko tsohon wandon uba da uwa ta rage, ko wandon aiki mai haɗe da ƙirji irin na manoma, wanda yake dogo ne tun asali.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya tarar da nika yana jinya, ya ƙarasa shi. Amurka ta shiga yaƙin a Disamban 1941. A 1942 gwamnati ta sa dokar tsimin yadi, domin ulu na sojoji ne: aka hana naɗe bakin wando, aka hana sayar da kwat da wando biyu. To in ɗaya za a saya, wanne yaro zai yarda a saya masa? Roba ma ta yi wuya, don a farkon shekarar Japan ta kama Malaya, inda kaso mai yawa na robar duniya ke fitowa a lokacin, ga shi kuwa bakin nika da safarsa sun dogara da roba. Ga yayye da iyaye maza sun tafi fagen daga da dogon wandon kaki, kowane yaro so yake ya yi kama da su. Mata da yawa kuma sun fita aikin masana'antu, babu mai lokacin zama toshe safa da dare. Kafin a gama yaƙin a 1945 nika ya zama abin da sai jefi-jefi ake gani, farkon shekarun 1950 kuwa sai a tsofaffin hotuna da filin wasa.

Wanda ya gaje shi kun san shi, yana rataye a igiyar shanyar da yawa daga cikinmu: wandon jins. Shi ma tsoho ne, tun 1873 Levi Strauss da wani tela Jacob Davis suka yi rajistar dabarar sa masa 'yan ƙusoshin ƙarfe a bakin aljihu, amma na leburori da makiyaya ne. Bayan yaƙi ya zama na yara. Ba ya son guga, yana jure wanki, gwiwa ta huje a maka masa faci, in ya yi tsawo a naɗe ƙafar har yaro ya cike shi. Ni a ganina nan ne maganar ta ƙare, domin a karon farko abin da yaro ke so da abin da ke rage wa uwa wahala sun zama abu ɗaya. Da a ce dogon wando ya fi nika wahalar kulawa, ina jin da iyaye mata ba su saki da wuri haka ba.

Amma an yi asarar wani abu, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar nan da uba ke kai ɗansa kanti ya ce masa yau ka girma, ta tafi tare da nika. Ɗan shekara 3 da ɗan shekara 30 duk suka koma wando iri ɗaya. Yaro ya huta da tsokana, amma ya rasa ranar da gidansu za su shaida masa a fili cewa sun ga girmansa.

Ingila ba ta bi Amurka nan da nan ba. Su can guntun wando mai buɗaɗɗen baki, wanda gwiwa ke waje, shi ne na 'yan makaranta, kuma an yi rabon tufafi da kati daga 1941 har 1949, don haka ba a yi saurin sauyawa ba. Yaransu sun ci gaba da sa shi, ga sanyi ga komai, har cikin shekarun 1960. Irin nasu ne aka kawo mana zamanin mulkin mallaka, aka ɗinka wa 'yan makaranta da 'yan doka da kaki. Ke nan wandon da ɗan 'yar'uwarmu ke gudu jikan wancan ne, sunan daga Amurka, ɗinkin daga Ingila.

To 'yar'uwa mai wasiƙa, ga amsata. Ban ga rashin kunya a nan ba, kunyar ce ma ta zo masa. Yaron da ya fara jin nauyin a ga cinyarsa a hanya, ga 'yan mata, ga surukan unguwa, ga masallaci in azahar ta riske shi a waje, ai abin a gode wa Allah ne, tunda mu a addininmu al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Abin da zan ce ki gyara shi ne ɓoyon. Ki kira shi ku biyu, ba gaban ƙannensa ba, ki ce kin gani kuma kin gane. Sannan ki yi wa maigida magana ya je ya ga hedimasta, ya roƙa a bar yaron ya sa dogo mai launin kayan makarantar. In an ƙi, ki sa tela ya ɗinka masa wani da zai sauko ya rufe gwiwa, ya bar ninki mai faɗi a ciki yadda za ki warware in ya ƙara tsawo. Dogon kuma ki bar shi ya riƙa tafiya da shi a jakar da saninki. In hali ya yi, ranar da ya gama aji 6 babansa ya kai shi kasuwa da kansa ya zaɓi yadin wandon sakandare.

Lokaci ya yi halinsa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta ba yaro wasiƙa ya kawo mana kamar yadda aka saba. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.